MUTUM ƊAYA, RANAR HAIHUWA UKU: TARIHIN SHEKARUN BAZAZZAGI DAGA BAKIN UWA ZUWA SHAFIN FASFO

Gabatarwa

A farkon shekarar 2023 wani ɗan'uwana, ɗan yayan mahaifina, wanda muka tashi gida ɗaya a cikin birnin Zazzau, ya bugo mini waya daga Saudiyya inda yake aikin jinya tun 2011. Fasfonsa ya kusa ƙarewa, ya je sabuntawa, aka ce masa ranar haihuwar da ke cikin fasfon ba ta yi daidai da wadda ke kan lambarsa ta ɗan ƙasa ba, don haka sai ya daidaita su kafin a buga masa sabo. Fasfo ya ce an haife shi ranar 1 ga Janairu 1972. Lambar ɗan ƙasa ta ce 24 ga Janairu 1975. Takardarsa ta firamare kuwa 1974 ta sani, babu wata babu rana. Ga shi kuma igamarsa, wato katin izinin zama da aiki a can, da lasisinsa na aikin asibiti, da asusunsa na banki, duk a kan ranar fasfo aka gina su.

Abin dariya a ciki, in da ana dariya a irin wannan hali, shi ne mahaifiyarsa Ɗanjuma take ce masa tun yana goye, amma 1 ga Janairu 1972 ranar Asabar ce. Wato fasfo ya mayar da Ɗanjuma Ɗan'asabe shekara talatin ba tare da kowa ya lura ba.

Wannan matsala ba tasa ba ce shi kaɗai, kuma ba jiya ta faro ba. Nufin wannan maƙala shi ne ta bi sawunta tun daga lokacin da Bazazzagi bai san wani abu wai shi ranar haihuwa a takarda ba, har zuwa yau da lamba takwas a shafin fasfo ke iya raba mutum da abincinsa a ƙasar wasu.

Yadda Kakanninmu Ke Lissafi

Kuskure ne a ce Bahaushe bai san lokacin haihuwarsa ba. Ya sani, sai dai ma'auninsa dabam ne. Abu na farko da ba ya ɓacewa shi ne ranar mako, domin suna ake yanka wa yaro da ita. Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Larai da Balarabe, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe, kowannensu takardar haihuwa ce da ake kira da baki. Bayan rana sai lokacin shekara: Azumi da Ɗan'azumi a watan Ramalana, Sallau ranar salla, Marka a tsakiyar damina, Nomau lokacin noma.

Ita kuwa shekara, da abin da ya faru a cikinta ake riƙe ta. A birni sarki shi ne babban ma'auni. Tsoho zai ce maka an haife shi zamanin Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ko zamanin Dalhatu, ko Ibrahim, ko kuma ya ce yana da wayo aka naɗa Ja'afaru Ɗan Isiyaku a 1937. In ana son a ƙara matsewa sai a kawo shekarar da Turawa suka shigo Zariya a 1902, ko isowar jirgin ƙasa a 1911, ko yunwar Kakalaba ta 1914, ko annobar mura ta 1918, ko hawan daban da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Na baya-bayan nan suna da nasu: komawa tuƙin dama a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da kuɗin Udoji.

Wannan ma'auni ya isa ga bukatar mutanen wancan lokaci. Abin da al'umma ke son sani game da mutum shi ne wa ya girme shi, wa ya girma, su wa aka yi wa kaciya tare da shi, ya balaga ko bai balaga ba, ta isa aure ko da saura. Duk waɗannan unguwa ta san amsarsu ba tare da lamba ba. Da irin wannan lissafi ne Mary Smith ta tsara tarihin Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba ta labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Sai da aka jera sarakuna da yaƙe-yaƙen da tsohuwar ta ambata sannan aka ƙiyasta cewa wajen 1877 aka haife ta.

Amma akwai gidajen da ake rubutawa. Malamai sun saba da lissafin Hijira, kuma a unguwannin ilmi irin su Juma da Kona ba baƙon abu ba ne malami ya ɗauki alƙalami ya rubuta haihuwar ɗansa ko rasuwar malaminsa a gefen littafi ko a bayan bango. Da irin wannan kula ne muka san cewa an haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta ranar Lahadi, ƙarshen watan Safar na 1168, wanda ya yi daidai da 15 ga Disamba 1754. Mai karatu ya dubi wannan abu da kyau. Mutumin da aka haifa shekara 270 da suka wuce an san ranarsa, amma shugabannin da muka gani da idonmu ana ja-in-ja a kan tasu. Wasu littattafai sun ce 1909 aka haifi Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wasu sun ce 1910. Olusegun Obasanjo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa 5 ga Maris 1937 da ke takardunsa ƙiyasi ne. Marigayi Muhammadu Buhari ma, a Disambar 2017, ya ce shi yana zaton shekararsa 74, sai aka gaya masa 75 ce.

Akwai kuma wani gurbi da ba a cika lura da shi ba. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, ta yadda shekara 33 ta Hijira daidai take da 32 ta Miladiyya. Dattijon da ke ƙirga shekarunsa da yawan azumin da ya gani, in ya ce maka 66, a lissafin ofis 64 ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Zuwan Rajista

Turawa sun zo da takarda da tebur mai layi-layi, kuma kowane layi sai an cike shi. Duk da haka a farkon zamaninsu ba ranar haihuwar talaka ta dame su ba. Malamin haraji na En'e so yake ya san baligai nawa ne a gida, mai unguwa kuma da ido yake nuna su. Dokar rajistar haihuwa ta farko a ƙasar nan a Ikko aka yi ta a 1863, kuma dokokin da suka biyo bayanta a zamanin mulkin mallaka ba su taɓa shiga lungunan birane irin namu da gaske ba. Haihuwa a ɗaki ake yi, ungozoma ta yanke cibi, ran suna liman ya raɗa, wanzami ya yi aski, a watse. Babu akawu a cikin jerin.

Wurin da ɗan birni ya fara cin karo da tambayar shekaru shi ne makarantar boko. Daga elementare zuwa Midil ta Zariya, wadda yau muke kira Alhudahuda, zuwa kwalejin da ta taso daga Katsina ta bi ta Kaduna ta sauka Zariya a 1949 ta zama Barewa, kowane yaro sai an rubuta masa shekara a rajista. To wa zai faɗa? Uba yana gona ko kasuwa, wataƙila ma ba da son ransa aka kama yaron ba. Uwa tana cikin gida, kuma in ɗan fari ne kunya ba za ta bari ta ko ambaci sunansa ba. Saboda haka hedimasta shi ne alƙali. Ya dubi tsawo, ya dubi haƙora, ya sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren. In hannu ya kai, shekara shida ke nan, sai a debe shida daga shekarar da ake ciki a rubuta.

Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka yi ambaliya a makarantu, masu shekara biyar da masu goma duk aji ɗaya, kuma akasarinsu shekarar haihuwa ɗaya aka ba su. Ɗan'uwan nan nawa a 1980 aka kai shi. Shekararsa biyar, amma dogo ne, hannu ya kamo kunne, malam ya rubuta 1974. Ranar haihuwarsa ta farko a takarda ke nan, kuma wanda ya rubuta ta bai yi nufin cutar kowa ba.

Fasfo Da Hanyar Gabas

Mutanen Zazzau sun daɗe suna fita neman arziki da neman ilmi kafin a san fasfo. Fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, mahajjata sun bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, domin a hanya ake tsayawa a yi ƙodago a tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa suka yi hijira gabas, har ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Da yawansu a gonakin audugar Jazira suka ƙare. Shaidarsu a hanya ita ce harshensu, da tsagen fuskarsu, da madugun da ya san iyayensu.

Fasfo irin na littafi da muka sani ya samu siffarsa ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a taron da Majalisar Ƙasashe ta yi a Faris a 1920. A cikin shekarun 1920 ɗin ne gwamnatin mulkin mallaka ta shiga tsara tafiyar mahajjatan Nijeriya, ta sa a riƙa yankar takardar tafiya da ajiye kuɗin dawowa. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano, tafiyar shekara bakwai ta koma ta kwana ɗaya, takarda kuma ta maye gurbin madugu. An cire aikin shige da fice daga hannun 'yan sanda a 1958, aka kafa shi da doka a 1963. Hukumar alhazai ta ƙasa ta zo a 1975.

A nan ne wani sabon mutum ya shigo tarihinmu, wato ejan. Maniyyaci bai iya boko ba, fom kuwa da Turanci yake, don haka ejan ne zai cike. Shi ejan ba tarihin kowa ya dama ba, so yake takarda ta wuce. Ya dubi fuskarka ya yanka maka shekara, wurin wata da rana ya sa 1 ga Janairu, ko 1 ga Oktoba in yana jin kishin ƙasa. In doka na son babba ya ƙara maka, in tana son yaro ya rage. A 1993 ɗan'uwana zai raka gwaggonmu Umra a matsayin muharraminta. Shekararsa 18. Ejan ya ga kamar za a ce ya yi ƙanƙanta, sai ya mayar da shi 21, ya rubuta 1 ga Janairu 1972. Yaro ya karɓi fasfo yana murna zai hau jirgi, ko shafin bai karanta ba. Ranar haihuwa ta biyu ke nan.

Ba mu kaɗai ne muka bi wannan hanya ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da Faransa ta mulka, takardunsu na dā sukan ɗauki kalmomin né vers, ma'ana an haife shi wajen shekara kaza, wanda aƙalla ya fito fili ya nuna ƙiyasi ne. A Saudiyya kanta, 'yan ƙasar da ba a san ranarsu ba 1 ga Rajab aka rubuta musu. 'Yan gudun hijirar Somaliya da Afganistan da suka shiga Amurka da yawansu 1 ga Janairu suke ɗauke da ita.

Zamanin Rantsuwar Kotu

Daga shekarun 1970 shekaru suka zama dukiya. Bautar ƙasa da aka faro a 1973 tana da iyakar shekara 30. Aikin soja da ɗan sanda da banki kowanne da iyakarsa. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya in ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. Tunda babu takardar asali, sai doka ta yarda da madadinta: mutum ko wani babbansa ya je kotu ya rantse cewa an haife shi rana kaza, a buga hatimi. An yi wannan sauƙi ne domin wanda da gaske ba shi da shaida, amma ƙofar da aka buɗe wa mai uzuri kowa ya bi ta cikinta. Aka wayi gari mutum yana da shekarun gida da shekarun aiki, har ka ga ƙane ya yi ritaya wansa yana ofis.

Ƙasa ta biya kuɗin wannan ɗabi'a a idon duniya. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa har shekara biyu, ta kuma ƙwace mata izinin ɗaukar nauyin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa da aka kai gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa wa waɗanda aka ba da a baya. Tun daga irin waɗannan abubuwa ne ofisoshin jakadanci suka koyi kallon takardar rantsuwarmu da wutsiyar ido, mai gaskiya da maƙaryaci duk kuɗinsu ɗaya.

Gyara na gaske ya zo da doka mai lamba 69 ta 1992, wadda ta wajabta rajistar haihuwa ta kuma danƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda aka haifa bayanta takardar haihuwa ta hukumar ake nema daga gare shi, wanda ya riga ta kuwa sai ya haɗa rantsuwar kotu da takardar tabbatarwa daga hukumar. Sai dai doka a takarda dabam, aiki dabam. Binciken lafiya na ƙasa na 2013 ya nuna kashi 30 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. A 2018 adadin ya kai kashi 43, wani binciken na 2021 kuma ya nuna 57. An ci gaba, amma har a lokacin kusan rabin yaran ƙasar nan ba su da shaida, kuma jihohin Arewa ne a baya.

Da Kwamfuta Ta Zo

Muddin takardu suna cikin fayil dabam-dabam a ofisoshi dabam-dabam, mutum na iya rayuwa da ranar haihuwa uku lafiya lau, domin babu ranar da za su haɗu. Kwamfuta ce ta haɗa su. A 1998 Nijeriya ta fara fasfon da na'ura ke karantawa, mai layi biyu na lambobi a ƙasan shafi. A cikin layin akwai ranar haihuwa, biye da ita kuma akwai wata lamba guda ta tantancewa da ake lissafowa daga gare ta, ta yadda in aka taɓa lamba ɗaya na'ura za ta gane. A 2007 fasfo mai ƙwaƙwalwar lantarki ya zo da zanen yatsu, a shekarar ce kuma aka yi dokar hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa. Lambar banki ta BVN ta biyo baya a 2014. A 2019 aka fito da sabon fasfo wanda sai da lambar ɗan ƙasa ake ba da shi, a Disambar 2020 kuma aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da ita.

Abin lura a nan shi ne ƙa'idar da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta shimfiɗa wa fasfo ta tanadi yadda za a nuna cewa ba a san rana ko wata ba, a bar gurbin da alama. Wato duniya ta yarda akwai wanda bai sani ba. Mu ne muka saba cike kowane gurbi, ko da abin da muka ƙaga ne.

Ɗan'uwana ya sabunta fasfonsa sau da dama, kowane sabo yana kwafar na baya, har kuskuren ejan ya shiga na'ura ya zauna tare da zanen yatsunsa. Da ya zo hutu a 2022 ya je yankar lambar ɗan ƙasa, sai ya ga tunda abu ne na har abada gara ya faɗi gaskiya. Gaskiyar kuwa muna da ita. A bangon wani tsohon littafin fiƙihu na kakanmu akwai layi biyu da tawada ta dā, inda ya rubuta cewa an yi wa ɗansa haihuwar namiji ranar Juma'a, 11 ga Muharram 1395. Mahaifiyarsa ma abin da take faɗa ke nan da nata harshen: ranar Juma'a ce bayan cika-ciki, kuma ba ta yi arba'in ba aka yi rasuwar Sarki Muhammadu Aminu aka naɗa Shehu Idris, wanda ya faru a Fabrairun 1975. Lissafi ya faɗa kan 24 ga Janairu 1975, kuma Juma'a ce. Ranar haihuwa ta uku ke nan, ita ce ta gaskiya, ita ce kuma ta jawo masa wahala.

Me Ya Sa Gyara Ke Da Haɗari A Waje?

A gida gyaran shekaru ɗawainiya ce ta kuɗi da zirga-zirga. A waje kuwa maganar amana ce. Ƙasar da ta ba ka bizar aiki ba ta san unguwarku ba, ba ta san kakanka ba. Abin da ta sani shi ne suna da ranar haihuwa da lambar fasfo da zanen yatsu, kuma waɗannan ne kai a wurinta. Ran da ka zo da yatsu iri ɗaya da ranar haihuwa dabam, tambayar da jami'i zai yi wa kansa ita ce: a wanne lokaci wannan mutum ya yi mana ƙarya, da can ko yanzu? Dokar Amurka tana haramta wa mutum shiga har abada in aka tabbatar ya yi ƙarya da gangan a kan muhimmin abu wajen neman biza. A Ingila yaudara a takardar nema na iya jawo hani har na shekara 10. A ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha kuwa zaman ma'aikaci a ɗaure yake da kafilinsa, kuma igama da lasisi da banki duk daga fasfo suke shan ruwa.

Jamus ta ga irin wannan tun kafin mu. Bayan yarjejeniyar 1961 ma'aikata daga Turkiyya suka kwarara can, da yawansu 'yan ƙauye da aka yi wa rajista a makare. Da tsufa ya zo, wasu suka koma kotunan ƙasarsu aka gyara musu shekaru, suka dawo da hukuncin suna neman fansho. Sai Jamus ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 1998, cewa ranar da mutum ya fara bayarwa ita ce za a bi, sai fa in kuskuren alƙalami ne, ko kuma ya kawo takardar da aka rubuta tun kafin ya ba da ranar farkon. Kotun Tarayyar Turai ta amince da wannan doka a 2000. Mai karatu ya lura da sharaɗin nan na biyu, domin shi ne zuciyar maganar. Abin da ke da daraja wurin gyara shi ne tsufan shaida. Rantsuwar da aka yi jiya ba ta kai nauyin layi biyu da aka rubuta ran suna ba.

Yadda Ta Ƙare

Hanya biyu ce a gaban ɗan'uwana. Ko ya mayar da lambar ɗan ƙasa ta bi fasfo, wato ya je ya rantse a kan abin da ya san ba haka yake ba, ya kuma yarda kwantiraginsa ya ƙare shekara uku kafin lokaci. Ko kuma ya gyara fasfo ya bi gaskiya, ya ɗauki kasadar abin da zai biyo baya. Abokan aikinsa da yawa ta farko suka ba shi shawara, kuma ban ga laifinsu ba, domin mai iyali goma a wuyansa ba ya wasa da igama. Shi dai ya zaɓi ta biyu.

Abin da ya cece shi shi ne bin abu daki-daki. Kafin ya taɓa komai sai da ya sanar da shugabannin asibitinsa a rubuce, domin kada su ji daga bakin na'ura. Mu kuma a gida muka ɗauki tsohuwa, tana dogara sanda, muka kai ta kotu ta yi rantsuwa a matsayin uwa. Muka karɓo takardar tabbatarwa daga hukumar ƙidaya, muka ɗauki hoton bangon littafin kakanmu aka fassara, aka buga sanarwa a jarida. Ya haɗa duka ya miƙa ta ofishin jakadancinmu, aka aika Abuja neman amincewa. Da sabon fasfo ya fito bai yar da tsohon ba, ya haɗa su biyu da wasiƙar da ke bayyana cewa mutum ɗaya ne, asibiti ya kai wa hukumar shige da fice ta can, sannan aka bi lasisi da banki ɗaya bayan ɗaya. A duk tsawon lokacin bai kuskura ya taka filin jirgi ba, domin fita da fasfon da ya saɓa wa igama ita ce hanya mafi sauƙi ta kasa komawa.

Wata takwas aka yi. A cikinsu aka ɗaura auren 'yarsa ta fari a ƙofar gidanmu, ni na karɓi sadaki a madadinsa, shi kuwa ta waya ya ji fatiha. Kuma kada wani ya ɗauka kowa ke gamawa haka, domin akwai waɗanda ba su da littafin kaka, iyayensu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Kammalawa

A taƙaice, lambar da ke shafin fasfon Bazazzagi mai shekara hamsin tana da nata tarihin, kuma sau da yawa hedimasta ne ko ejan ya haife ta. Ba duk mai ranar haihuwa biyu ne maƙaryaci ba, kamar yadda ba duk mai neman gyara ne mai gaskiya ba. Abin da ke raba su shi ne shaida, ita kuwa shaida tun da wuri ake ajiye ta. Wanda aka yi wa haihuwa yau, doka ta ba shi kwana 60 ya yi rajista, ya kamata kuma takardar ta riga ragon suna shiga gida. Wanda ke shirin fita aiki waje ya baje takardunsa a tabarma ya daidaita su tun yana gida, kafin wata ƙasa ta ɗauki yatsunsa.

Mu kuma masu riƙe da alƙalami, musamman masu sha'awar rubuta tarihin mawaƙa da malamai da sarakuna, mu daina kwafar shekarar haihuwa daga takardar aiki kamar saukakkiya ce. Mu tambayi sunan rana, mu tambayi sarkin zamani, mu duba bangon littattafai, in kuma ƙiyasi muka yi mu rubuta cewa ƙiyasi ne. Tsofaffin da suka san wace Juma'a ce, kuma bayan wace salla, suna nan a ɗakunansu daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, amma kullum raguwa suke yi. Ita tsohuwar da ta yi mana rantsuwa ta rasu a daminar da ta biyo baya, Allah Ya jiƙanta. Littafin kakanmu kuwa yanzu yana cikin leda a ƙasan adaka, kuma an ƙara layi huɗu a bangonsa, na jikokin da aka haifa tun daga lokacin, kowanne da ranarsa ta Hijira da ta Miladiyya.